Goggo Adiza da Hannun Misis Nora

Yayata Zuwaira ce ta tayar da maganar, wata Lahadi bayan la'asar, muna zaune a falonmu na unguwar University Heights a New York muna tsintar waken da za a dafa da shinkafa. Ta gama sakandare ke nan. Ta ce kafin a buɗe kwaleji za ta je ta yi kwas ɗin hom kiya, wato kula da tsofaffi a gidajensu, tunda aikin ba wani abu ba ne: ki ba tsohuwa shayi, ki kunna mata talabijin, ki zauna kina latsa waya har lokacin tashi ya yi.

Goggo Adiza, yayar babanmu, tana gefe tana goge yunifom ɗinta. Shekararta goma sha tara a wannan aikin. Ba ta ɗago ba sai da ta gama hannun rigar. Sannan ta ce wa Zuwaira ta ɗauko jakar aikinta a bayan ƙofa ta zazzage a kan tebur. Ni ba a cika jin muryata a gida ba, don haka ba wanda ya kore ni. Abin da ta faɗa ranar, da abin da na gani da idona a shekarar da aka dakatar da ita, su na haɗa a nan.

A jakar akwai kwalin safar hannu, da wani faffaɗan bel na zane da ake ɗaura wa tsoho a ƙugu don a tayar da shi ba tare da an ja masa hannu ba. Akwai man shafawa mara ƙamshi, da matajin kai mai faɗin haƙora, da ƙaramar darduma da ta naɗe kamar hankici. Akwai takalmi baƙi mai tafin roba wanda ba ta taɓa taka titi da shi ba, sai ta shiga gidan aiki take sa shi. Goggo ta ce wa Zuwaira ta ɗaura mata bel ɗin ta tayar da ita daga kujera. Zuwaira ta sunkuya ta ja da bayanta. Goggo ta saki jiki gaba ɗaya, suka zube tare a kan kafet.

“To kin karya tsohuwa, kin karya bayanki, ga shi ko shayin ba ki dafa ba,” in ji Goggo. “Zauna ki ji.”

Ta ce satifiket a aji ake samunsa, amma aikin a hannun Anti Akosuwa ta koya, wata Ba'asantiya 'yar Kumasi da suka yi karɓa-karɓa a gidan wani dattijo shekarar da Goggo ta zo ƙasar nan. Anti Akosuwa ce ta koya mata cewa kafin ki taɓa tsoho sai ki sa hannuwanki a ruwan ɗumi. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada shi, don tafin mai aiki ya riga ya mutu da zafi. Ba a zuwa wa tsoho ta baya. Ba a ce masa “mu yi wanka” kamar yaro, sai a tambaye shi yanzu yake so ko bayan shayi, ko wanne ya zaɓa dai wankan zai yi. Idan Goggo ta yi kuskure, Anti Akosuwa takan zage ta da yaren Tuwi tana murmushi, don mai gidan ya zaci yabo ne.

Akwai wani tsohon direban bas da ta kula da shi shekara biyu, wanda ba ya tashi daga gado sai an gaya masa fasinja na jira. Akwai wata malamar makaranta da ke gyara mata Turanci tana tsaka da canza mata zanen gado. Goggo ta ce kowane tsoho yana da abin da ke sa shi ya yarda da ke, kuma ba a rubuta shi a takardar da nas ke mannawa a jikin firji. Neman wannan abin shi ne rabin aikin.

Misis Nora ce ta fi ba ta wahala. Gidanta yana Woodlawn, sai an bi jirgin ƙasa lamba huɗu har ƙarshen layi sannan a hau bas, unguwar da mutanen Ireland suka yi yawa. Tsohuwa ce ƙarama, ta haura tamanin, fatar hannunta kamar takardar da aka jiƙa ta bushe. Tun tana budurwa ta baro ƙauyensu na bakin teku a Ireland ta zo New York aikatau, ba ta sake komawa ba sai sau ɗaya, jana'izar uwarta. Hankalinta ya fara zuwa yana tafiya. Da safe ta san kowa, da yamma takan tambayi mutanen da suka daɗe a kabari. Ɗanta ɗaya, Mista Kebin, yana New Jersey, ranar Asabar yake leƙowa.

Makon farko ta ƙi wanka, ta ƙi magani, ta tofar da kunun hatsin da aka dama mata. Ranar Alhamis da hantsi Goggo ta zauna kusa da ita tana yanke mata farce. Tsohuwar ta juya kanta ga bango, ta rufe ido, ta fara wata murya ta hanci, can ƙasa. Sai ta kama hannun Goggo ta fara kewayawa da shi a hankali, kamar mai juya keken ɗinki na hannu. Goggo ta so ta janye. Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya ta ce mata da Turanci, “Juya mana, yarinya. Ni kaɗai zan yi duka?”

Goggo ta juya. Waƙa ce, doguwa, ba da Turanci ba, da yarensu na can gida. Ba ganga, ba tafi, ba amshi. Ta ɗauki kusan sulusin awa. Da ta zo layin ƙarshe ba ta rera shi ba, faɗarsa ta yi kawai, kamar mai cewa a miƙo mata gishiri. Ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Ranar ta ci, ta sha magani, ta yarda aka yi mata wanka har da wanke kai.

Daga nan kullum da hantsi sai an yi. Kuma ba ta taɓa fara waƙar ba sai ta ba da labarinta tukuna, don a wurinsu wanda ya rera waƙa bai faɗi mafarinta ba, ta ce, bai san abin da yake yi ba. Ƙasarsu duwatsu ce, dankali ba ya fitowa sai an ɗebo ciyawar teku an yi taki da ita. A zamanin kakannin kakanninta wakilin mai ƙasa ya ce gaɓar tekun ma ta ubangidansa ce, ba mai ɗibar ciyawa sai da izini. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara ta ɗauki kwandonta da rana tsaka, ta cika shi, ta goyo shi ta bi ta ƙofar coci daidai lokacin da jama'a ke fitowa. Aka ƙwace kwandon, aka kulle ta. Mazan ƙauyen suna tsaye, ba wanda ya ce uffan. Da aka sake ta sai ta yi waƙa, kuma ba ta ɓata bakinta a kan wakilin ba. Waɗanda suka tsaya kallo ta bi, gida gida, kowa da sunansa da baitinsa. Misis Nora ta ce har lokacin ƙuruciyarta akwai gidajen da in an zo baitinsu sai su tashi su fita shan iska. Ita a bakin kakarta ta karɓa, kakar kuma a bakin gwaggonta, ba wanda ya taɓa rubutawa. Mutanen wani tsibiri da ke fuskantar ƙauyen suna cewa a wurinsu aka yi abin. Misis Nora ta ce ƙarya suke yi, ko gaɓar kirki ba su da ita.

Goggo ta tambaye ta dalilin juya hannun. Ta ce mai waƙa idan ta rufe ido nisa take yi, tana bukatar wanda zai riƙe ta, kuma juyin ne ke tura waƙar gaba idan numfashi ya gaza. Goggo ta ce ta gane, a zangonsu na Kumasi ma zabiya ba ta waƙa ba 'yan amshi. Tunda ba ta jin yaren balle ta amsa, hannunta ya zama amshin. Ta ce akwai gwaninta a ciki: ba ki ja, ba ki tura, numfashinta kike bi. Idan ta ja murya sai ki faɗaɗa da'irar, idan ta zo sunayen mutane sai ki rage, don a nan take cije baki.

Wata bakwai suna haka. Tsohuwar ta yi ƙiba kaɗan. Idan Goggo ta shimfiɗa darduma a kicin don azahar, Misis Nora takan ɗauko nata carbin na coci ta ce su ga wanda zai riga gamawa.

Abu biyu ne Goggo ba ta lissafa da su ba. Likita ya sa wa tsohuwar maganin tsinka jini, wanda ke sa fata ta yi shuɗi ko da taɓawa kaɗan. Sannan agogon da Mista Kebin ya kawo ya ajiye a kan kantar falo, akwai kamara a cikinsa, kamarar da ke ɗaukar hoto ba ta ɗaukar murya.

Wata Litinin aka kira Goggo ofishin ejensin da ke tura ta aiki. Shugabar ofishin ta juyo mata kwamfuta. Goggo ta ce ita kanta da ta kalla abin da ta gani ke nan: ga mace mai ƙarfi ta riƙe hannun tsohuwa tana murɗawa tana murɗawa, tsohuwar ta kau da kai ga bango, ido a rufe, baki a buɗe kamar mai kuka. Ga kuma hoton shuɗin da ke wuyan hannun. Goggo ta yi bayanin waƙar. Shugabar ta ce wannan ba ya cikin takardar nas. Mista Kebin kuma ya riga ya gaya musu cewa shekara hamsin da wani abu yana duniya bai taɓa jin uwarsa ta yi waƙa ba. Ya tambaye ta da yamma ko an ji mata ciwo, ta amsa masa da yaren da bai ji, tana kiran sunan Adiza tana hawaye. Shi a wurinsa wannan ya isa shaida.

Aka miƙo mata takarda. In ta sa hannu ta amsa cewa ta yi wa tsohuwa riƙon da bai dace ba, za a tura ta ƙarin horo, a ba ta wani gidan, magana ta mutu. In ta ƙi, an dakatar da ita sai an gama bincike, kuma duk ejensin da ta je za su kira nan su tambaya.

“Ban cuce ta ba,” in ji Goggo. “Ba zan rubuta da hannuna cewa na cuce ta ba. Ku riƙe biron ku.”

Wannan shekarar ina aji shida, kuma na tuna ta sarai. Goggo ta koma wanke tukwane da yankan albasa a wani gidan abinci na 'yan Nijar a titi na 116. Hannuwanta da kullum suke laushi saboda man tsofaffi suka tsattsage. Babanmu ya yi ta lallashinta ta sa hannu. Ya ce takarda ce kawai, ƙasar ba tamu ba ce, kowa yana haƙuri. Ta ce masa shi da yake tuƙa tasi, zai amsa ya buge mutumin da bai buge ba don a mayar masa da lasisi? Ya ce ba ɗaya ba ne. Ta ce ɗaya ne, ita dai ƙanenta ne shi ya sa ba za ta ƙara ba.

Labari kuma ya zaga. Ranar wani suna, ina riƙe da jakarta, Hajiya Fati maƙwabciyarmu ta miƙo hannu za su gaisa sai ta janye tana dariya.

“Adiza, a ba ki ko a ɓoye? An ce ke yanzu murɗewa kike yi.”

“Ɓoye abinki, Hajiya. Wanda na riƙe waƙa yake yi, naki kuwa karɓar gudummawa kawai ya iya.”

Mata suka kwashe da dariya, har da Hajiya Fati.

Wata huɗu binciken bai motsa ba. Sai wata ranar Laraba Goggo ta nemi hutun rabin yini ta hau jirgi lamba huɗu. An hana ta zuwa gidan, don haka kantin da take saya wa tsohuwar burodi da ganyen shayi ta shiga, ta gaya wa mai kantin abin da take nema. Matar ta ce tsofaffin unguwar suna haɗuwa cin abincin rana a ɗakin ƙasa na wani coci kowace Laraba.

Goggo ta sauka matakalar da mayafinta. Suka zaci ta zo ɗaukar wani ne. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tana neman wanda ya san waƙar matar da ta ɗebi ciyawar teku. Cokula suka tsaya. Ta ce ita ba mawaƙiya ba ce, a makarantar allo ma malam yakan ce ta rage murya, amma ba ta da wata shaidar. Sai ta rufe ido ta fara bin karin da hanci, yadda ta ji shi wata bakwai. Ba ta kai ƙarshen baitin farko ba ta ji an kama mata hannu an fara juyawa.

Wani dogon tsoho ne, Mista Maikel, wanda ya yi ritaya daga aikin haƙa ramin jirgin ƙasa. Ya karɓi waƙar da kalmominta ya kai baiti uku. Da ya tsaya ya tambaye ta wa ya koya mata, don karin nata irin na mutanen gaɓa ne, kuma sun lalata shi. Shi ɗan tsibirin ne. Ya ce waƙar tasu ce, kowa ya sani.

Goggo ta ce masa ko ta waye ita bai dame ta ba, ya zo ofis ya faɗa.

Ya zo da kwat da laktaye. Aka kira Mista Kebin, aka kunna hoton. Mista Maikel ya matso da tabaransa kusa da kwamfutar yana kallon leɓen tsohuwar, can sai ya fara rerawa tare da ita, bakinsa da nata suna tafiya daidai, ita a hoto ba murya, shi a ofis da murya. Da aka zo wani wuri ya ce nan baitin gidan masu kwalekwale ne, shi ya sa ta cije baki. Ya gaya wa shugabar cewa haka ake yi a garinsu tun kafin a haifi kakansa, kuma wannan matar ta fi marigayiya matarsa iya juyi. Mista Kebin ya sake cewa uwarsa ba ta waƙa. Tsohon ya dube shi ya tambaye shi ko ya taɓa zama kusa da ita har sulusin awa ba tare da ya duba waya ba.

Sai Mista Kebin ya faɗi abin da bai faɗa wa ofis ba: ma'aikata uku aka canza tun tafiyar Goggo, uwarsa ta daina cin abinci sai an yi da gaske, ta rame, kuma likita ya fara maganar a kai ta gidan tsofaffi. Ya ce yana so Goggo ta dawo gobe.

Goggo ta ce sai an ba ta wasiƙar da ta wanke ta.

Wadda suka fara aikowa cewa ta yi ba a sami isasshiyar hujja a kanta ba. Na ga lokacin da ta karanta a kicin ɗinmu, ta ninke ta yadda take, ta mayar cikin ambulan, washegari ta kai musu da ƙafarta. Ta ce wa shugabar wannan wasiƙar ta ɓarawon da ya iya ɓoye kaya ce, ita ta wanda bai yi ba take jira. Babanmu ya ce ta cika taurin kai, an ba ta aiki tana neman ado. Kwana tara aka yi. Mista Kebin da kansa ya kira ofishin sau biyu. Wasiƙa ta biyun ta zo, ta ce ma'aikaciyar ba ta cutar da kowa ba, kuma abin da ta yi kulawa ce. Goggo ta yi kwafi uku, ɗaya ta tura ta ƙarƙashin ƙofar Hajiya Fati.

Kuskure ɗaya ta amsa, kuma ta ce wa Zuwaira in har za ta shiga aikin ta riƙe shi. Ranar farko da tsohuwar ta kama hannunta, kamata ya yi ta rubuta a takardar aikin yini ta kuma gaya wa nas. Ta ƙi ne don tana ganin za su yi mata dariya, ko su ce ta daina. Ta ce duk abin da kika yi wa tsoho, ko addu'a ce, rubuta.

Ranar Litinin da ta koma, Mista Kebin ne ya buɗe mata ƙofa. Ya fara ba ta haƙuri, ya ce zai cire agogon. Ta ce ya bar shi inda yake, gidan uwarsa ne, amma in zai sake saye ya sayi mai kunne. Ta canza takalmi, ta sa hannuwanta a ruwan ɗumi, ta shiga falo ta gaban tsohuwar.

Misis Nora ta ƙanƙance a cikin kujera, zoben aurenta yana yawo a yatsa. Ta daɗe tana kallon Goggo.

“Kin makara,” ta ce.

“Jirgi ne ya tsaya, Mama.”

Goggo ta ja kujerar tsohuwar ta juya ta yadda agogon zai gan su sosai, ta ja tata ta zauna. Ta ce wa Mista Kebin ya ajiye wayarsa a kan tebur ya zo ya zauna ta ɗaya gefen, don yau shi zai fara juya hannun, ita za ta gaya masa in ya yi sauri.